Rabon tashoshin rediyo a netwok ɗin salula: wace dabara ce ta fi?

Ummulkhairi_400L:
Assalamu alaikum ƴan gida. Dan Allah ina neman shawarar masana. Firojet ɗina na ƙarshe a kan yadda ake raba tashoshin rediyo tsakanin sel-sel (ƴan yankunan da kowace eriya ke ɗauka) na netwok ɗin salula ne, wato kowane turke a ba shi firikwensin da zai yi aiki da shi ba tare da ya shiga na maƙwabcinsa ba. Sifabaiza ya ce in zaɓi dabara ɗaya in rubuta ta a Python in gwada. Na karanta jinetik algoridim, na karanta ta sanyaya ƙarfe, na ga tabu, har da wata ta tururuwa, kuma kowace takarda na buɗe sai ta ce tata ce gaba. Kaina ya kulle wlh. Wacce ce ta fi tsakani da Allah? Sannan wani ɗan ajinmu ya ce min wai wahalar banza nake tunda 4G da 5G firikwensi ɗaya suke amfani da shi a ko'ina, haka ne?

Kwamared99:
Wa alaikumus salam. Ai abin ba wuya, fentin taswira ne kawai. Kowane sel ƙasa ce, kowace tasha launi ce, kar maƙwabta biyu su samu launi ɗaya, shi ke nan. Kuma tun 1976 Appel da Haken suka tabbatar launi huɗu ya ishi kowace taswira. Ki ɗauki huɗu ki huta hhh

Dan_Lissafi:
@Kwamared99 ka kamo bakin zaren amma ka sake shi da wuri. Eh fenti ne, tun 1980 Hale ya rubuta matsalar a haka, amma launi huɗun nan ba zai yi ba. A taswira iyaka iyaka ce, sigina kuwa bai san iyaka ba, yana tsallake maƙwabci ya je ya dami na gaba da shi har da na gaban wancan. Sannan sel ɗaya ba launi ɗaya yake so ba, wani uku wani ashirin gwargwadon jama'ar da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya fi ɓata lissafin ma shi ne launukan nan lambobi ne masu kusa da nesa. Ja da shuɗi babu wanda ya fi kusa da wani, amma tasha ta 40 da ta 41 suna yoyo cikin juna, dole a ce maƙwabta su bar tazara kaza, tashoshin da ke kan turke ɗaya kuma su bar tazarar da ta fi haka. Ko fentin zalla ma yana cikin matsalolin da Karp ya jera a 1972 waɗanda har yau ba a san hanyar warware su da sauri ba in suka girma, balle an ƙara masa wannan kaya.

Kwamared99:
To na janye huɗuna, a yi haƙuri

Injiniya_RF:
Ƙanwata kafin ki tambayi wace dabara, ki fara amsa min wannan: me kike so ki rage? Don mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai wanda yake cewa ga buƙatar kowane sel, nemo min mafi ƙarancin faɗin firikwensi da zai ishe su babu katsalandan ko kaɗan. Wannan na takarda ne. Mu a wurin aiki faɗin an riga an yanka maka shi a lasisi, ba ka da ikon ƙara ko kilohaz ɗaya, abin da ya rage maka shi ne ka raba abin da ke hannu ta yadda katsalandan zai zama mafi ƙanƙanta, don sifili kam babu shi.

Ga misali da lamba. A GSM, wato 2G, kowace tasha faɗinta kilohaz 200 ne, tana ɗaukar gurbi 8, kowane gurbi kira ɗaya. Duk zangon megahaz 900 na asali tasha 124 ne kuma ba kai kaɗai ke ciki ba. A ce an ba ka megahaz 7.2, tasha 36 ke nan. In ka yi tsarin turke huɗu mai fuska uku-uku, sel 12, kowanne ya samu tasha 3, gurbi 24, ka cire 2 na sarrafawa saura 22 na magana. In ka matse zuwa turke uku sel 9, kowanne tasha 4, gurbi 30 na magana. Ka samu ƙarin mutane amma ka jawo masu firikwensi ɗaya kusa da juna. Duk rigimar nan da kike gani a takardu a tsakanin waɗannan biyun take.

Ummulkhairi_400L:
Na gode Yaya Injiniya. Gaskiya ban taɓa raba su biyu ba, na ɗauka duk abu ɗaya ne. Amma ta yaya ake sanin kusancin ya yi yawa?

Injiniya_RF:
Ana auna ƙarfin siginar da kake so a kan wadda ke damunka. GSM yana son aƙalla desibel 9, kusan ninki 8 ke nan. Tsohon AMPS na Amurka da aka fara a Shikago a 1983 shi sai 18, ninki sittin da wani abu, shi ya sa suka tsaya a rukunin sel 7. A zanen gidan zuma da ake koya muku, nisan da za a sake maimaita tasha shi ne tushen 3N sau faɗin sel daga tsakiya zuwa kusurwa, N ɗin yawan sel a rukuni ne, N=7 ya ba ki 4.58, N=4 ya ba ki 3.46, N=12 ya ba ki 6 cif. Amma fa ki riƙe cewa ni tun da na fara aiki ban taɓa ganin sel mai kusurwa shida ba.

Mai_Hawa_Turke:
Hhhh wallahi Injiniya ka faɗi gaskiya. Mu da muke hawa mu ke ganin abin da ke sama. A takarda an rubuta eriya na kallon digiri 120 an sunkuyar da ita digiri 4, ka hau ka tarar iska ta juya ta ko wanda ya ɗaura tun farko da ido ya auna, tana can tana haska wani wuri daban. Kwamfuta kuma abin da aka rubuta mata shi ta sani.

MalamSani_Lakcara:
Ƴata bari in amsa ainihin tambayarki tunda sun fara zagaye. Babu wadda ta fi a ko'ina, amma akwai tsarin da nake ba ɗalibaina. Ki fara da ta haɗama, wato ki jera sel-sel daga mai wahala zuwa mai sauƙi kina ba kowanne tasha ta farko da ta halatta. DSATUR ta Brélaz ta 1979 ita ce sananniya, kullum tana ɗaukar wanda maƙwabta suka fi cinye wa zaɓi. Layi kaɗan ne a Python kuma kan ki ƙifta ido ta gama. Wannan ce ma'auninki, duk wata dabara mai dogon suna da ta kasa doke ta ba ta da amfani.

Daga nan ki hau ta sanyaya ƙarfe, ta Kirkpatrick da abokansa ta 1983. Hikimarta daga maƙera take, ƙarfe in aka sanyaya shi a hankali ya fi zama daidai. Kina canza tasha ɗaya, in katsalandan ya ragu ki karɓa, in ya ƙaru ma wani lokaci ki karɓa, da farko da yawa sannan kina rage yarda a hankali, wannan yardar ake kira zafi. Wannan karɓar mummunan mataki shi ne ke fitar da ke daga ƙaramin rami da za ki ɗauka nan ne ƙarshe. Tabu ta Glover ta 1986 ita kuma kullum mafi kyawun mataki take ɗauka amma tana riƙe da jerin abin da ta taɓa kwanan nan ta hana kanta komawa. Su biyun nan sun daɗe suna ba da sakamako mai kyau a wannan matsalar.

Zee_Kodin:
Malam ka tsallake jinetik, ni da ita na yi nawa kuma ta yi aiki fa

MalamSani_Lakcara:
Da gangan na tsallake ta Zee. Ba na ce ba ta aiki ba, amma ki duba abin da haɗa iyaye biyu yake yi a nan. Ki ɗauki tsari mai kyau A da tsari mai kyau B, ki yanko rabin wannan da rabin wancan ki manna, a daidai wurin ɗinkin duk sharuɗɗan sun karye saboda tasha ta 5 a A ba aikinta ɗaya da tasha ta 5 a B ba. Sai kin ƙara mata wani gyara bayan haɗawa, kuma in kika bincika sai ki ga gyaran ne ke yin aikin ba gadon ba.

Zee_Kodin:
Hmm to gsky nima sai da na saka gyaran kafin ta fara sauka. Amma duk da haka yawan tsare-tsaren da take riƙewa lokaci ɗaya ya taimaka min, sanyaya ƙarfe ta riƙa maƙale min wuri ɗaya

Dan_Lissafi:
Da sauri kika sanyaya ke nan. Kusan duk wanda ya ce min ta maƙale, in na duba zafin yake zaftarewa da yawa a kowane zagaye.

@Ummulkhairi ga abin da zai cece ki ranar kare firojet, kar ki ƙirƙiri netwok ɗinki ki gwada a kai ki ce kin yi nasara. Akwai matsalar Filadelfiya da kowa ke gwaji da ita tun shekarun 1970, sel 21 ne, jimillar buƙata 481, sel mafi cunkoso yana son tasha 77. In sharaɗi ya ce tashoshin sel ɗaya su bar tazarar 5, to wannan sel ɗin shi kaɗai ya ci 76 sau 5 a tara 1, wato 381, ba algoridim ɗin da zai sauka ƙasa da haka ko waye ya rubuta shi. In aka ƙara cewa maƙwabta na jiki su bar tazarar 2, amsar da ta fi kowacce ita ce 427. Kin ga kina da abin da za ki auna kanki da shi. In kina son na gaske kuma akwai bayanan COST 259 na Turai, daga netwok ɗin GSM na ainihi aka ɗebo su, su kuma rage katsalandan ake yi ba rage faɗi ba, daidai da rabon da Injiniya ya yi a sama.

Baban_Nana:
Ni ba fannina ba ne ina dai bi ne, amma me zai hana kwamfuta ta gwada duk hanyoyin ta zaɓi mafi kyau? Ai yanzu suna da gudu

Dan_Lissafi:
Baban Nana na'urar watsawa 100 kawai da tasha 36, hanyoyin 36 ne sau kansa sau 100, lamba mai adadi 156. Kuma 100 ƙaramin yanki ne, netwok na gaske dubbai ne. Akwai hanyoyin lissafi na tsantsa da ke yanke rassan da ba su da amfani, suna gama ƙananan matsaloli kuma suna ba da iyakar ƙasa, amma a manya sai dai a nemi mai kyau ba mafi kyau ba.

Injiniya_RF:
Bari in ba ku labarin da ya sa na daina rantsuwa da algoridim. A wani kamfani da na yi wa aiki mun sake tsarin firikwensi na yanki guda, manhajar tsarawa ta kwana tana gudu, da safe ta nuna katsalandan ya faɗi ƙasa sosai, kowa na murna. Muka loda da ƙarfe biyun dare lokacin da kira ya yi ƙasa. Washegari kafin azahar jadawalin yankewar kira na wani sel ya miƙe tsaye kamar an ja shi da rula. Muka shiga mota da waya da laftof muna zagaye, ina kallon allo, wayar tana ganin maƙwabci mai ƙarfi tana cewa a miƙa ta can, a miƙa, kira ya mutu. Sau biyar a lanƙwasa ɗaya ta hanya.

Ashe akwai wani turke can nesa a kan tudu, tsakaninsu ruwa ne shimfiɗe, sigina kuma a kan ruwa tafiya take kamar an share mata hanya. Manhajar ta ba shi tashar BCCH (wadda sel ke sanar da kansa a kanta) ɗaya da BSIC (lambar shaidarsa) ɗaya da maƙwabcin gaske, don a taswirarta nisan ya isa. Wayar na jin na nesa, netwok na ɗauka na kusa ne. Algoridim ɗin bai yi kuskure ko ɗaya ba, teburin katsalandan da muka ba shi ne ƙarya. Tun daga ranar ba na yarda da tebur na hasashe zalla, sai an haɗa da rahoton awo da wayoyin mutane ke turowa da kansu lokacin kira.

Mai_Hawa_Turke:
Kuma na san ƙarshenta mu aka tura mu sunkuyar da eriyar

Injiniya_RF:
Ƙwarai kuwa hhh, mun canza tashar a daren, bayan kwana biyu aka hau aka ƙara mata sunkuyo

Hajiya_Sadarwa:
Duk kun tsaya a rabon dindindin kamar shi kaɗai ne. Ummulkhairi ki duba rabon nan-take ma, inda tashoshi ke tukunya ɗaya ana ba sel lokacin da kira ya shigo a karɓe in ya ƙare. Ki duba teburin Erlang, ɗan Denmak ɗin nan da ya fitar da lissafin a 1917. In kin yarda kashi 2 cikin ɗari na kira su tarar da layi a cike, gurbi 7 na ɗaukar Erlang 2.94 (matsakaicin yawan kira a lokaci ɗaya), sel biyu ke nan 5.88. Amma ki haɗa su gurbi 14 wuri ɗaya sai ki samu 8.2. Ba ki ƙara komai ba, haɗawa kawai kika yi. Ga kuma jama'a ba zaune suke ba, da rana suna wurin aiki da dare suna gida, rabon dindindin yana barin tashoshi suna barci a wani wuri alhali wani wurin ana cewa layi a cike.

MalamSani_Lakcara:
Haka ne Hajiya amma ki ƙarasa mata. In cunkoso ya yi tsanani ko'ina da ko'ina na dindindin ne ke cin nasara, saboda shi an jera masu tasha ɗaya a mafi kusancin da ya halatta, na nan-take kuwa yana rabawa yadda kira ya zo sai a bar giɓi da ba mai iya amfani da shi. Shi ya sa aka yi na tsakiya, wasu na dindindin wasu a tukunya, da kuma aro daga maƙwabci. Aron ma da kuɗinsa, tashar da ka ara sai an kulle ta a sauran sel-sel na kusa da ke da ita.

Hajiya_Sadarwa:
Ban musa ba Malam, amma sau nawa netwok ke cika ko'ina lokaci ɗaya? Ni dai a abin da na gani cunkoso tabo-tabo yake zuwa. Kuma kar a manta da ajiye ƴan gurabe don masu tafiya, yanke wa mutum magana a tsakiya ya fi ba shi haushi a kan a ce masa ya sake kira

Kwamared99:
Tambayarta ta biyu fa har yanzu ba wanda ya taɓa, ɗan ajin nasu gaskiya ya faɗa ko a'a

Injiniya_RF:
Rabi da rabi. Tun a GSM ma tsalle-tsallen firikwensi ya rage wa tsarin nauyi, kira na canza tasha kusan sau 217 a daƙiƙa, katsalandan ya watsu kan kowa kaɗan-kaɗan maimakon ya danne mutum ɗaya, sai dai tashar BCCH ita har yanzu sai an zauna an tsara ta. Daga 3G kuwa eh, duk sel-sel kan firikwensi ɗaya suke. Amma matsalar ba ta mutu ba, riga ta canza. A 3G lambobin rarrabewa 512 ake rabawa, a LTE, wato 4G, akwai lambar shaidar sel PCI guda 504, a 5G 1008. Sharaɗin kar maƙwabta biyu su yi lamba ɗaya, kar kuma sel ɗaya ya zama yana da maƙwabta biyu masu lamba ɗaya, wanda shi ne dai abin da ya same ni da BSIC. Ga kuma a LTE ana gudun maƙwabta su bar ragowa ɗaya in an raba lambarsu da 3. Ku gaya min wannan ba fentin Dan_Lissafi ba ne.

Zee_Kodin:
Sannan a cikin sel ɗin ma rabo ake, LTE mai megahaz 20 an yanka shi ƙulli 100 kowanne kilohaz 180, kuma duk milisakan ɗaya ake sake yanke wa za a ba. A nan ba lokacin sanyaya wani ƙarfe, dabara mai sauƙi ake so kamar wadda ke duba wa siginarsa ta yi kyau yanzu idan aka kwatanta da abin da ya saba samu. Na bakin iyaka kuma su ake ware wa wani ɓangare da maƙwabci zai rage ƙarfi a kai

Hajiya_Sadarwa:
Kun ga ke nan rabon nan-take ne ya ci gaba da rayuwa, a rubuta a ajiye

MalamSani_Lakcara:
A cikin sel Hajiya, a cikin sel. Tsakanin sel-sel har gobe ana zama a tsara.

Baban_Nana:
Wai wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a sa rauta a 1 ko 6 ko 11?

Dan_Lissafi:
Shi ne ƙaninsa. A zangon gigahaz 2.4 tashoshin Wi-Fi suna hawa kan juna, ukun nan ne ba sa taɓa juna, launi uku ke nan kai da duk maƙwabtanka kuma ba mai tsara muku

Ummulkhairi_400L:
Na dawo. Allah ya saka da alheri, na bi shawarar Malam na rubuta ta haɗama sannan na ɗora sanyaya ƙarfe, na gwada a Filadelfiya. Abin mamaki na samu ƙasa da 400, ba ku ce 427 ne ƙarshe ba? Ko na karya tarihi ne hhh

Dan_Lissafi:
Kin karya kod dai. Duba teburin sharuɗɗanki, ina zargin kin sa 1 tsakanin maƙwabta na jiki maimakon 2. Ki rubuta wani ɗan shiri daban da ba ruwansa da algoridim ɗin, aikinsa kawai ya bi tasha biyu-biyu ya ƙirga sharaɗi nawa aka karya. Kuma ki kula ko daga 0 kike ƙirga ko daga 1, don wasu takardun 426 suke rubutawa saboda haka

Ummulkhairi_400L:
Innalillahi haka ne, 1 na sa. Na gyara yanzu ta haura sama da 427 da nisa kuma ta ƙi saukowa

Zee_Kodin:
Barka da shigowa. In ta ƙi ki zo in ba ki jinetik ɗina ki gwada kar Malam ya ji

MalamSani_Lakcara:
Ina ji. Ƴata kar ki canza dabara tukuna, ki canza abin da kike motsawa. Maimakon ki riƙa canza tasha ɗaya-ɗaya, ki sa sanyaya ƙarfen ta riƙa sauya jerin da ta haɗama ke bi, ita kuma ta haɗamar ta yi rabon, ta haka kowane tsari da ya fito halastacce ne tun daga farko. Ki fara da sel mai 77 ɗin nan da maƙwabtansa, a nan wuyar take. Nawa kike rage zafin a kowane zagaye, kuma sau nawa kike gwadawa kafin ki rage?